Kwatan Mil: Abin Da Tseren Mota Ya Koya Mini A Amurka



Da takardar gayyata ta iso mini, aka ce in zo in yi magana a kan wani abu da na koya a zamana na ƙasar waje, sai na zaci za a so in yi bayanin aikin ofis. Amma sakataren ƙungiya, wanda ɗakin kwananmu ɗaya tun muna aji ɗaya, ya ce sam, labarin tsohuwar motar nan da na ƙarar da kuɗina a kanta shi jama'a suke son ji. To, umarnin sakatare ba abin wasa ba ne, don haka ga ni.

Ina zaune a jihar Mishigan, ba nisa da Ditiroit, birnin da ya zama cibiyar ƙera motoci a Amurka. A can akwai wasu motoci da suke wa laƙabi da masu ƙwanji. Ma'anarsu ita ce a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas wanda aka yi domin babbar mota. Galibi ana cewa abin ya kankama ne a 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa na Pontiac suka sa inji mai lita 6.4 a cikin motarsu Tempest, suka kira ta GTO. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har a 1970 Chevrolet ya fito da Chevelle mai inji lita 7.4, mai ƙarfin doki 450. Domin ku gane girman abin, ku tuna da Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda muke ganin ba ta da na biyu a kan hanya: injinta silinda huɗu ne, bai wuce lita biyu ba. Zamanin masu ƙwanji bai daɗe ba. Tsadar inshora, da dokar tsabtace iska ta 1970, da ƙarancin man fetur na 1973, su suka taru suka karya lagonsu. Kamfanin Pontiac kansa an rufe shi a 2010. Amma motocin da suka rage suna nan a hannun masu sha'awa, ana gyara su, ana tsere da su.

Tawa Chevelle ce ƙirar 1970, amma ba mai babban injin nan ba, domin wannan sai masu hannu da shuni. Na saye ta a 2009 a bayan gidan wani dattijo, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya. A Mishigan ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ne ajalin bodin mota, saboda haka ƙasanta duk tsatsa ta cinye. Da na jawo ta gida uwargida ta leƙo ta taga, ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Maigida, sayarwa aka yi maka, ko biyan ka aka yi ka kwashe?"

Shekara biyu na yi a gareji, daren Juma'a da ranar Asabar. Na yanke tsatsa, na koyi walda a ajin yamma, na sauke inji na warware shi ɗaya bayan ɗaya. Injin shi ne wanda ake kira 350, wato lita 5.7, wanda kayan gyaransa suke da araha a ƙasar. A nan ne karatun da muka yi a wannan makaranta ya dawo mini. Wa ya tuna zanen da malaminmu na kimiyya yake yi a allo, na bugu huɗu na inji? Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. A lokacin haddacewa kawai muke yi don jarrabawa. Ashe duk sirrin ƙara wa inji ƙarfi yana cikin zanen nan: inji famfon iska ne, gwargwadon iskar da ya shaƙa ya fitar cikin sauƙi, gwargwadon ƙarfinsa.

Saboda haka na sa kafireta mai maƙogwaro huɗu maimakon mai biyu. Na canza sandar da ke buɗe bawul, na sa wadda take buɗe su sosai, ta kuma daɗe kafin ta rufe. Na cire tsohuwar salansa, na ba kowace silinda bututunta. A baya kuma na canza haƙoran aksil zuwa 3.73, wato sai sandar da ke kai ƙarfi baya ta juya sau uku da kusan kashi uku cikin huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan yana sa mota ta zabura da sauri, amma a kan doguwar hanya sai ta yi ta kururuwa tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Kowane gyara da abin da yake ci. Ba ka samun wani abu a inji sai ka ba da wani.

Yanzu bari in kai ku filin tsere. Irin tseren da nake yi ba na zagaye ba ne. Hanya ce miƙaƙƙiya, layi biyu, tsawonta kwatan mil, wato kimanin mita 402. Ƙungiyar da ta fi shahara wajen tsara shi, NHRA, Wally Parks ne ya kafa ta a Kalifoniya a 1951, kuma babban dalilinsa shi ne a janye samari daga tsere a kan titi, a kai su inda akwai doka da shinge da motar asibiti. Kafin a bar ka ka shiga sai an duba motarka: birki, bel, yadda batir yake a ɗaure, ko akwai ɗigon mai ko ruwa. In motarka ta fara yin ƙasa da sakan 14, dole ka sa hular kwano. In ta ƙara sauri sosai, sai an kafa mata ƙarfen kariya a ciki. Ba a roƙo, ba a cewa ka san ko ni wane ne.

A bakin layi akwai wani dogon ƙarfe mai fitilu. Fitila uku ruwan ɗorawa suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu rabin sakan, sa'an nan koriya. In ka tashi kafin koriya, ja ta kama, ka faɗi nan take. In kuma ka tsaya jiran ka ga koriya da idonka, ka makara, domin kafin ƙafarka ta taka totur, kafin mota ta motsa, lokaci ya wuce. Sai ka koyi tashi a kan ta uku, daidai yadda tayarka za ta bar layi a lokacin da koriya take kamawa.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. A tseren 'yan sha'awa irinmu, ba mai mota mafi gudu ne yake ci ba. Kowa zai faɗi sakan nawa motarsa za ta yi, ya rubuta a gilashi da farin man takalmi. In na rubuta 13, abokin karawata ya rubuta 15, sai a kunna masa fitila sakan biyu kafin tawa, ni kuma in bi shi. Wanda ya riga isa ya ci, amma da sharaɗi: in ka yi gudun da ya fi abin da ka rubuta, ka faɗi, ko da kai ka fara isa. Wato ba ka da damar ka ɓoye ƙarfinka, ba ka kuma da damar ka yi cika baki. Sai ka san motarka, ka faɗi gaskiya a kanta, ka cika abin da ka faɗa.

Ranar da na fara shiga gasa, a bazarar 2011, an haɗa ni da wata tsohuwa, sa'ar gwaggona, a cikin motar kai jikoki makaranta. Ta rubuta 17.40. Ni kuwa ina ta rurin inji, ina ƙona taya don ta yi zafi ta kama ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, 'yan kallo suna tafi. Aka sake ta, ta tafi salin-alin. Ni da tawa fitilar ta zo, zumuɗi ya sa na taka totur har ƙasa, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kafin in farga ta ƙetare layi da 17.42. Bayan an gama ta zo ta dafa motata ta ce kyakkyawa ce, sa'an nan ta tambaye ni ina littafina. Na ce wane littafi? Ta ɗauko nata, duk ya tsufa. Kowane gudu da ta yi a rubuce yake: zafin rana, laimar iska, iskar taya, da abin da agogo ya nuna. Ta bayyana mini cewa iska mai sanyi ta fi nauyi, inji ya fi ƙarfi a cikinta, don haka motar da ta yi 13.10 da la'asar tana iya yin ƙasa da haka bayan magariba. Wanda bai rubuta ba, in ji ta, caca yake yi.

Na sayi littafi, amma ban bar girman kai ba. Burina a lokacin in ga 12 a takardar sakamako. Akwai abu biyu da makaniki yake wasa da su. Na farko yawan mai a cikin iska: a lissafi, iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya shi ne ƙonewa cikakkiya, amma in ana neman ƙarfi sai a ƙara mai, a koma wajen 12.5 zuwa 13, domin ƙarin man yana sanyaya silinda. Na biyu shi ne taimin, wato lokacin da fulogi zai ba da wuta kafin fistin ya kai ƙoli. In ka matso da shi gaba kaɗan, ƙarfi ya ƙaru. In ka zarce, sai mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kan fistin kamar guduma. Wata Asabar a 2013 na rage mai, na matso da taimin gaba, ga rana ta take, ga kuma fetur mai araha da na zuba don tsimi. Na cire fulogi na gan shi fari fat, alhali mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake yi. Fulogi ya gaya mini gaskiya, na ƙi ji. A gudu na uku, ina tsakiyar fili, sai na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, hayaƙi ya biyo baya. Na saki totur, na gangara gefe. Da na buɗe injin a gida, fistin ɗaya ya huje, har ina iya zura yatsa.

Jama'a, ba wanda ya cuce ni. Ni na yi wa kaina. Kuɗin da muka ware don zuwa gida ganin mahaifiyata a shekarar, rabinsu ya tafi a gyaran inji, tafiyar ta koma baɗi. Ranar da na kira ta a waya na gaya mata dalili, ta yi shiru, can ta ce, "To, ka gaida motar." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Tun daga nan na yi wa kaina doka biyu. Kuɗin mota daban, kuɗin iyali daban, ba sa gamuwa. Sa'an nan ba na canza abu biyu a lokaci ɗaya. In canza ɗaya, in gwada, in rubuta, kana in taɓa na gaba.

Da na sake haɗa injin, na daina neman gudu, na koma neman daidaito. Abin mamaki, sai ga 12 ɗin ta zo da kanta. Motar ta zauna a wajen 12.90, ba ta cika kauce wa nan ba sai in yanayi ya canza, ni kuma littafina yana gaya mini yadda za ta canza. A 2016 na kai wasan ƙarshe a wata ƙaramar gasa ta ƙarshen mako. Abokin karawata saurayi ne mai sabuwar mota da ta fi tawa gudu nesa ba kusa ba. Na rubuta 12.92, na yi 12.93. Shi kuwa da ya ga ina gabansa sai ya taka har ƙasa, ya wuce ni a bakin layi, amma ya zarce abin da ya rubuta. Aka ba ni kofi, da ɗan kuɗin da bai isa sayen taya ɗaya ba. Kofin yana nan a falo, uwargida tana ajiye mabuɗai a ciki.

Kafin in zauna, ina da magana da ƙannenmu na baya. Na san wasan mota da ake yi a garuruwanmu ranar ɗaurin aure ko kai amarya, ana juya sitiyari a tsakiyar jama'a, yara suna bi da gudu. Kusan kowa a cikin ɗakin nan ya san gidan da bikinsu ya koma zaman makoki ta wannan hanya. Ni da nake magana ina son gudu, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk gudun da na yi, a filin da aka killace na yi shi, da hular kwano, da bel, da masu kashe gobara a tsaye, ba kowa a gabana sai iska. Da fistin ɗin nan ya huje mini a kan titi cikin mutane, mai ya malale a ƙarƙashin taya, da wataƙila wani labarin ake ba ku yau, ba ni nake ba da shi ba. Wanda yake son mota da gaske, ya je gareji ya ga yadda ake warware inji, ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau, domin su ne sifanar da ba ta ɓata.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga sakatare yana nuna mini agogo, kuma na riga na gaya muku hukuncin wanda ya zarce lokacin da ya rubuta.