AUDUGARMU, MASAƘUNMU, ƘURI'ARMU: Jawabin Ɗan Takararmu Ga Jama'ar Kaduna Ta Arewa

Iyayena maza da mata, malamai, 'yan kasuwa, ma'aikata, da ku samari da 'yan mata na Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Shanu, Kabala da Doka, ina gaishe ku, ina kuma gode muku.

Zaɓe ya ƙarato. Kafin ku jefa ƙuri'a ina so mu yi magana a kan abu ɗaya tak, watau abin da ya sa garin da ya taɓa tufatar da Nijeriya yau 'ya'yansa suke zaman kashe wando a bakin titi.

YADDA AKA GINA GARIN NAN

Dattawanmu ganau ne. A nan arewacin kogi, inda Majalisar Arewa take zama a Lugard Hall, gwamnatin Sardauna Sir Ahmadu Bello ta yanke shawara cewa audugar da talaka yake nomawa a Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau ba za a ci gaba da kwasarta ɗanya zuwa Ingila ba. Aka haɗa gwiwa da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957. Bayanta Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo. UNTL da jarin 'yan kasuwar Hong Kong aka kafa ta, Arewa Textiles kuwa da na Japanawa. Cikin 1975 Faransawa suka zo aka fara haɗa motar Peugeot a nan Kaduna.

To, ku lura da kyau. Tun wancan lokaci ana hulɗa da baƙi. Amma da sharaɗi aka yi. Baƙo ya kawo injinsa da iliminsa, mu kuwa audugarmu ce, 'ya'yanmu ne ma'aikata, gwamnatinmu tana da hannun jari. Masaƙun suna ƙetaren kogi, amma albashinsu a ko'ina ake cinsa. Ma'aikaci ya karɓi kuɗinsa ƙarshen wata, ya biya mai gidan haya, ya biya tela, ya saya wa iyali hatsi a Babbar Kasuwa, mai tuwo ta samu, mai gyaran keke ya samu.

YADDA AKA RUSHE SHI

Masaƙun nan ba annoba ce ta kashe su ba, jama'a. Shawarwari ne da mutane suka yanke, ɗaya bayan ɗaya.

Cikin 1986 gwamnatin soja ta kawo shirin nan na SAP, bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. Aka karya darajar Naira, kayan gyaran inji da rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. A shekarar nan kuma aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbataccen farashi. Da yawa suka bar auduga suka koma masara.

Cikin 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, cikin 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Aka buɗe ƙofa alhali masaƙunmu ba su da wutar lantarki tsayayya, sai janareta da baƙin mai mai tsada. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar nan cikin 2001. Atamfa mai araha, wata ma an kwaikwayi zanen tamu, ta riƙa sauka a Kwatano, ta bi ta Maraɗi ta shigo mana ta ɓarauniyar hanya. Ko da aka sake hana shigo da yadi, fasa-ƙwauri bai tsaya ba.

Sakamakon kun san shi. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, masaƙar da jihohin Arewa 19 suka mallaka. Ma'aikatanta suka yi shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe cikin 2007. Daga baya an ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa, amma kuɗi ba ya juya inji in babu wuta.

Cikin 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. Cikin 2024 sai da Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Ƙasar da take sayen rigarta daga waje, duk ranar da Dala ta tashi, talakanta ne yake biya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cikin 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli. Mafi yawansu a Arewa suke.

ABIN DA WASU SUKA YI

Za a ce muku ai haka kasuwar duniya take, ba yadda za a yi. Ku tambaye su labarin Bangladesh. Ƙasa ce matalauciya wadda ba ta noma audugar kirki, sayowa take yi, har daga maƙwabtanmu Benin da Mali da Burkina Faso. Duk da haka mutum kusan miliyan 4, yawancinsu mata, suka samu aiki a ɗinkin tufafin da ake kaiwa Turai da Amurka. Ba duk abin da suka yi za mu kwaikwaya ba. Cikin 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kan ma'aikatan ɗinki, mutum fiye da 1,100 suka mutu, saboda an fifita riba a kan rai. Darasi biyu ke nan: aiki yana zuwa inda aka shirya masa, kuma ran ma'aikaci sai an tsare shi da doka.

ABIN DA JAM'IYYARMU ZA TA YI

In kun ba mu amanarku, ga abin da za mu tsaya a kai a majalisa:

Na ɗaya, wuta. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano cikin 2020. Za mu tsaya kai da fata masana'antun Kaduna su samu kasonsu na gas ɗin bisa farashin da zai bar su su yi gogayya.

Na biyu, kasuwa. Tun 2017 akwai umarnin Shugaban Ƙasa cewa ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida wajen sayayya. Za mu nemi a mai da shi doka mai hukunci, ta yadda kakin soja da na 'yan sanda da zannuwan asibiti za su fito daga masaƙunmu, telolinmu su ɗinka.

Na uku, manomi. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana fitar da irin auduga. Za mu nemi a kai shi hannun manomi kafin damina, a kuma sanar da farashin saye kafin shuka.

Na huɗu, baƙin kamfanoni. Ƙofarmu a buɗe take ga Basine da Bature da Ba'indiye. Amma wanda aka ba fili ko rangwamen haraji sai ya sayi kayan gonarmu, ya horar da 'ya'yanmu, ya bar ma'aikata su shiga ƙungiyarsu, a kuma buga yarjejeniyar kowa ya karanta.

Na biyar, haƙƙin tsofaffin ma'aikatan masaƙa da marayunsu. Za mu riƙa ta da maganar a majalisa har sai kowa ya karɓi nasa.

Ba zan yi muku alkawarin injunan Kakuri za su tashi cikin shekara ɗaya ba, don wanda ya ce haka yaudararku yake yi. Alkawarina shi ne kowace shekara in dawo gabanku in ba da bayanin inda aka kwana a kan abubuwa biyar ɗin nan.

Za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe. Uwata, ki duba bakin atamfar nan ki ga inda aka yi ta, sannan ki tuna ɗanki da ya gama makaranta yana zaune a gida. Atamfa za ta koɗe kafin shekara, ƙuri'a kuwa shekara huɗu take aiki.

Ku adana katinku, ku fito da sassafe, ku jefa wa jam'iyyarmu, ku tsaya har a ƙirga a gabanku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa takardar nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya zaɓa mana mafi alheri. Wassalamu alaikum.