Goshi Da Wutsiya: Tasrifin Aikatau Daga Italiya Zuwa Katuru

(Jawabin da wani ɗan Katuru ya gabatar a gaban taron ɗalibai)



Na san da aka sanar cewa zan yi magana a kan aikatau na Italiyanci, da yawa sun ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Ina mutumin Katuru, can ƙasar Shinkafi, ina harshen mutanen Rum? To, ku yi mini haƙuri kaɗan, akwai dalili.

Tsakanin 1974 da 1978 wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Samari da yawa daga Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi sun tafi can neman aiki, cikinsu har da wani kawuna. Ya komo da 'yan kalmomi, yana yi mana burga da su har tsufansa: portare, wato kawowa, mangiare, cin abinci, lavorare, yin aiki. Ko jiya yake nufi, ko gobe, ko shi ne mai kawowa, ko wani, portare kawai yake faɗi. Sai da na zauna a gaban littafin nahawu na gane cewa Kawu ya samo doki ne ba linzami. Linzamin nan shi ne tasrifi, wato yadda ake juya aikatau ya nuna wanda ya yi aiki, da lokacin da aka yi shi, da kuma niyyar mai magana. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ji ana bitar fa'ala, fa'alta, fa'altu, ya riga ya san abin da nake nufi.

Aikatau na Italiyanci gida uku ne, ana gane su ta ƙarshensu: masu ƙarewa da -are kamar portare, masu -ere kamar credere, gaskatawa, da masu -ire kamar dormire, barci. Mai bin ƙa'ida a cikinsu shi ne wanda saiwarsa ba ta motsi, wutsiya kaɗai ke sauyawa. A cire -are daga portare, saura port-. A lokaci mai ci sai a ce porto, ina kawowa, porti, kana ko kina kawowa, porta, yana ko tana kawowa, portiamo, muna, portate, kuna, portano, suna. Ku lura, ba a bukatar wakilin suna ko ɗaya, domin wutsiyar ta riga ta faɗi mai aikin.

Masu nahawunsu sun kasa aikatau siga 7, a cikinsu akwai lokuta 21. Sigar bayani ita kaɗai tana da 8. Huɗu kalma guda ne: porto da muka gani, portavo, a da ina kawowa, portai, na kawo tun da daɗewa, porterò, zan kawo. Sauran huɗun sai an jingina su da mataimaki, kamar ho portato, na kawo, da avrò portato, zai zamana na riga na kawo. Sai sigar buri da shakka mai lokuta 4: voglio che tu porti, ina so ka kawo. Sai sigar sharaɗi mai 2: porterei, da na kawo, irin wadda muke ji in mutum ya ce da ina da hali da na kawo. Sai umurni: porta, kawo, non portare, kada ka kawo. In babba ake yi wa magana sai a ce porti, kamar yadda mu ma ba ma ce wa dattijo kawo, sai dai ku kawo. Ragowar sigogi uku ba su nuna mai aiki: portare, portando, portato.

Ɗalibi in ya ga wannan jeri ya cika shafi, sai gabansa ya faɗi, har ya ɗauka cewa harsunan Turai ne kaɗai ke da tsari, namu kuwa kara-zube ne. Nan ne nake so mu tsaya, domin duk abin da na karanto muku yanzu, na fassara shi da Hausa ba tare da na yi aron kalma ko guda ba. Bambancin ɗaya ne: Ba'italiye yana ɗaura wa aikatau kaya a wutsiya, Bahaushe yana aza masa a goshi. Kalmar kawo tana zaune daram, abin da ke gabanta ne ke juyawa: mun kawo, muka kawo, za mu kawo, ma kawo, mukan kawo, mu kawo. Sai a lokaci mai ci ne take karɓar ɗafi, a ce muna kawowa, muke kawowa. Jeri 8 ke nan, kowane da mutum 9: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su, da kuma wanda ba a ambata ba, wato an kawo. Italiyanci mutum 6 gare shi, kuma porti ba ta bambanta kai da ke.

Akwai wani abu kuma. Italiyanci ya fi kula da yaushe aka yi aiki, Hausa ta fi kula da ko aikin ya kammala. Shi ya sa muke cewa jiya da ka zo ina kawowa, mu kuma ce gobe war haka na kawo. Ga na kawo ta shiga gobe, ga ina kawowa ta koma jiya, ba wanda ya ruɗe. Abin da Ba'italiye ya ware wa avrò portato, mu da kalmomi biyu muka sallame shi.

Kada kuma a zaci wutsiyar aikatau ta Hausa zaman banza take yi. A 1960 F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya nuna cewa aikatau namu rukuni 7 ne, ana gane su ta wasalin ƙarshe da karin sauti. Ku ɗauki saiwar say-. A kasuwar Shinkafi mutum ya sayi gero, ya sayo shi zuwa gida, wani attajiri ya saye shi duka, manomi ya sayar, a ƙarshe a ce gero ya sayu. Ba'italiye sai ya nemi kalma biyu dabam, comprare da vendere, kafin ya raba saye da sayarwa. Ita kanta kawo daga kai ta fito, wasalin -o ne ya juyo da aikin wajen mai magana.

Yanzu bari in komo gida, inda abin ya fi yi mini ciwo. Ranar da na fara shiga makarantar kwana, aka tambaye ni yaushe muka iso, na ce jiya munka zo. Aji ya fashe da dariya. A rubutun farko da na yi, jan biro ya bi kowace munka da sunka da anka ya soke, aka rubuta mini a gefe cewa in gyara Hausata. Na yi shekaru ina ɓoye bakin garinmu kamar mai ɓoye kuturta.

Alhali kuwa jerin da ake yi a Katuru cikakke ne, ba gurbin da ya rage: yak kawo, tak kawo, kinka kawo, munka, kunka, sunka, anka. A lokaci mai ci a ce shina kawowa, da abin da shika kawowa. Ku duba wata fa'ida a nan. A daidaitacciyar Hausa, in an rubuta ya kawo, ba a san wanne ake nufi ba sai an duba jimla: ko ya riga ya kawo, da dogon wasali, ko shi ne ya kawo, da gajere, ko ina so ya kawo, da karin sauti na ƙasa. Italiyawa suna da irin wannan matsala tsakanin porto, ina kawowa, da portò, ya kawo, sai suka ɗora alama a kan wasalin. Mutumin Katuru bai bukaci alama a ta biyun ba, yak kawo ta raba gardama a baki da takarda. Da wannan jeri Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙinta na Hausa, da shi kuma Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Wa zai ɗauki jan biro ya bi su?

Ba ina cewa a watsar da daidaitacciyar Hausa ba ne. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, ita ce ta haɗa mai karatu na Kano da na Gusau a shafi guda, kuma ma'aikacin da zai rubuta sanarwa dole ya iya ta. Italiya ma haka ta yi: ta ɗauki bakin Filorans, garin mawaƙi Dante wanda ya rasu a 1321, ta mai da shi na makaranta. Lokacin da ƙasar ta haɗe a 1861, masana sun ƙiyasta cewa masu iya magana da shi ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, wasu ma suka ce 2.5 ne. Har yau mutanen arewacinsu sun fi cewa ho portato, a kudu kuwa ana yawan jin portai, kuma littafin nahawunsu ya ba kowanne shafinsa. A can Nafoli akwai jami'ar nazarin harsunan gabas da aka kafa tun 1732, inda ake koyar da Hausa, 'ya'yan Italiyawa suna haddace mun, kun, sun, kamar yadda muka sha wuyar porto, porti, porta.

Saboda haka roƙona gare ku biyu ne. Wanda zai koyi baƙon harshe, ko Italiyanci ko Faransanci ko Larabci, ya fara zana jerin Hausa a gefe guda na takarda, sa'an nan ya cika ɗaya gefen. Zai tarar rabin aikin ya riga ya yi shi tun yana goye. Wanda kuma zai koma gida hutu, ko Zurmi ko Ƙaura ko Katuru, ya ɗauki littafi da alƙalami, ya zauna gaban kakarsa, ya rubuta jerin aikatau ɗaya tak yadda take faɗinsa, da tabbatarwa da korewa, kada ya gyara mata ko wasali. Masu zama malamai a cikinku kuwa, in yaro ya rubuta munka, a koya masa muka, a kuma gaya masa cewa tasa ma tana da ƙa'ida.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya.