Jawabin da aka yi wa makiyaya da fataken shanu a Ambassatna kan hawan jini na huhu

 

Yau mun ajiye zancen burtali da jangali, za mu yi na numfashi. Akwai cutar da likitoci ke kira hawan jini na huhu. Awon da ake yi a damtse ba ya nuna ta. Jijiyoyin da ke kai jini huhu ne ke tsukewa, sai gefen dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji. Alamunta su ne haki bayan 'yar tafiya, kasala, kumburin ƙafa, wani lokaci har suma.

Abin ya shafe mu, domin muna shiga ruwan Shari da Logon da Tafkin Chadi wajen shayarwa, inda ake ɗaukar tsargiya. Irin wadda ke kama hanji da hanta, ƙwanta na iya kaiwa huhu. Sikila da ciwon zuciya ma suna jawo ta.

A da likitoci hana mai ita motsa jiki suke yi. A 2006, a garin Haidalbag na Jamus, an gwada majinyata 30. Rabinsu suka yi motsa jiki bisa awo, mako 3 a asibiti, mako 12 a gida ana bin su ta waya. Tafiyar da suke iya yi cikin minti 6 ta ƙaru da kimanin mita 96. A 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka ba da shawarar yin haka ga wanda ke shan magani, amma likita na sa ido.

Wani zai ce ai mu kullum a tafe muke. To, kora garke daga Masakori zuwa Injamena da tsakar rana yana iya kayar da mai wannan cuta. Tafiya ake nufi kaɗan-kaɗan, wadda likita ya ƙayyade.

Don haka wanda haki ya dama, ya je asibiti ya nemi hoton zuciya. In an same shi da ita, ya riƙe maganinsa, ya roƙi likita ya riƙa bin sa ta waya in ya koma ruga. Kada ya fita shi kaɗai. Ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya tsaya nan take.

Masu shanu, yaron da ke zama baya yana haki, kada ku ce masa rago. Mun san kunya kan hana bafulatani faɗin ciwonsa, sai ku tambaye shi.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu. Wassalam.