Ga Mai Son Koyon StarCraft

Daga ɗakunan ɗalibai a Samaru zuwa shagunan wasan kwamfuta na Sabon Gari, ƙwallo ce ta fi kasuwa. Yau ina tare ne da matashin da ke son gwada StarCraft II, yaƙin sararin samaniya na kamfanin Blizzard, wanda aka mayar kyauta tun 2017.

Ƙanena, duk wanda ya iya dara ya san ba a fara ci sai an gama shuka 'ya'ya. Haka nan ma. Ƙabilu uku ne a wasan: Terran, Zerg da Protoss. Riƙe ɗaya tak. Sabon shiga yakan ruga ya tara mayaƙa, ya manta da leburorin da ke haƙo ma'adinai da gas, alhali su ke ciyar da rundunar. Yawaita su, kada dukiya ta kwanta ba amfani, ka kuma tura ɗan leƙen asiri sansanin abokin gaba.

Fara karawa da kwamfuta kafin mutane. In an cinye ka, sake kallon wasan, ka gano daidai a minti na nawa ka tsaya da samar da leburori.