ABIN DA YA KAMATA YARO YA IYA A DARASIN TURANCI KAFIN YA GAMA ƘARAMAR SAKANDARE

Wannan lacca ce da aka shirya domin a karanta wa jama'a a tarurrukan iyayen yara da malamai na makarantun karkara.



A kowace shekara idan aka koma makaranta, magidanci yakan sayar da buhun gero ko akuya don ya ɗinka wa ɗansa kayan makaranta, ya saya masa littattafai, ya kuma haƙura da taimakon da yaron zai yi masa a gona. Shekara uku cur yaron zai yi yana kai da kawowa a ƙaramar sakandare. Abin takaici shi ne, sau da yawa ranar da aka kawo wata takarda daga asibiti ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma aka ce ya karanta, sai ya yi ta in-ina, ƙarshenta a tafi neman wani. A ranar ne uba zai gane an yi asara, alhali kuwa lokacin gyara ya wuce. Saboda haka wannan lacca za ta bayyana abin da ake sa ran yaro zai iya a darasin Turanci, da kuma yadda uban da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba zai gane ko ɗansa yana koyo.

MATSAYIN TURANCI A MAKARANTA

An fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a shekarar 1977, kuma daga cikinta ne aka samu tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, sannan dokar da aka kafa a 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, namiji ko mace. Shekara ukun ƙarshe daga cikin taran nan su ne na ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar da malamai ke bi, kuma a ƙarshen aji uku yaro yana zana jarrabawar da ake kira BECE.

Turanci ya bambanta da sauran darussa ta fuska ɗaya. Da shi ake koyar da lissafi da kimiyya da aikin gona, da shi aka rubuta littattafansu, da shi kuma ake yin tambayoyin jarrabawarsu. Yaron da ya iya lissafi da ka, wanda ba a iya cutarsa a kasuwa, yana iya faɗuwa jarrabawar lissafi don kawai bai gane abin da aka tambaye shi ba. Idan aka je gaba kuwa, jami'a ba ta ɗaukar ɗalibin da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma duk wanda zai zana jarrabawar JAMB, ko me yake son karantawa, sai ya yi takardar Turanci.

ABUBUWAN DA AKE KOYARWA

Na farko shi ne saurare da magana. Ana son yaro ya ji bayanin malami ya gane, ya yi tambaya, ya ba da amsa da cikakkiyar jimla ba tare da jin kunya ba. A nan akwai wuraren da ɗan Bahaushe yakan yi tuntuɓe, kuma kowane malami ya san su. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f", saboda haka yaro yakan faɗi "fan" a inda ake nufin "pan", wato ya ce fanka alhali kasko ake nufi. Haka nan yakan mai da "v" ta koma "b", sai "vote", wato ƙuri'a, ta yi kama da "boat", wato kwale-kwale. Bugu da ƙari, Turanci yana jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma babu wasali a tsakani, abin da bakin Bahaushe bai saba da shi ba. Shi ya sa da Hausawa suka ari kalmar "bread" suka ce burodi, "screwdriver" kuma ta zama sukundireba. Waɗannan kalmomi daidai suke a Hausa, amma a ajin Turanci dole yaro ya horar da harshensa. Ba a neman ya yi magana kamar mutumin Landan. Abin da ake nema shi ne idan ya yi magana mutumin Inugu ko na Ibadan ya fahimce shi.

Na biyu shi ne karatu da fahimta, kuma shi ne ƙashin bayan darasin. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi, domin yadda aka rubuta kalma kusan haka ake faɗinta. Turanci kuwa yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma akwai haruffan da ake rubutawa ba a furta su, kamar "k" a farkon kalmar "knife", wato wuƙa. Wannan ya sa wasu yara sukan haddace shafi guda su rera shi tiryan-tiryan kamar waƙa, amma idan aka ce su faɗi abin da shafin ya ƙunsa sai su yi shiru. Wannan haddar aku ce kawai. Karatu shi ne yaro ya ɗauki labarin da bai taɓa gani ba, ya gane wa ake magana a kansa, me ya faru, me ya jawo shi, sannan ya taƙaita shi da kalmominsa.

Na uku shi ne rubutu. Akwai wasiƙa iri biyu: ta zumunci wadda ake aika wa ɗan'uwa ko aboki, da ta hukuma wadda ake aika wa shugaban makaranta ko wani ofis, kowacce da tsarinta. Akwai kuma insha'i iri huɗu: na ba da labari, na siffanta abu, na bayanin yadda ake yin wani abu, da na kawo hujja a kan wani ra'ayi. Ana duba ko yaro ya san inda ake sa babban harafi da aya da waƙafi da alamar tambaya, da ko ya iya raba zancensa sakin layi-sakin layi.

Na huɗu shi ne nahawu. A Hausa ana cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi, wato ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce ke nuna lokaci. A Turanci aikatau ɗin kansa yakan sauya kama, "go" ta koma "went" idan abin ya wuce. Har ila yau, Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan lemo, yana shan wahala, duk da kalma ɗaya, amma Turanci yana da kalma daban ga kowanne. Yaron da ke ɗauko jimlar Hausa ya juya ta kalma bayan kalma zai yi ta tafka kuskure har sai malami ya nuna masa wannan bambanci.

Na biyar shi ne adabi, wato labarai na zube da waƙoƙi da wasan kwaikwayo. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa ya riga ya san tauraron labari da darasin da ke cikinsa, sauran kawai ya iya faɗin haka da Turanci.

ABIN DA ZA A SA RAI A KOWANE AJI

Kowace shekarar karatu zango uku ce, ke nan zango tara yaro yake da shi. A ƙarshen aji ɗaya ya dace ya iya gabatar da kansa da iyalinsa da garinsu, ya karanta gajeren labari ya amsa tambayoyi a kai, ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa. A ƙarshen aji biyu ya dace ya iya ba da labarin abin da ya faru jiya da abin da za a yi gobe ba tare da ya cakuɗa lokutan ba, ya siffanta ranar kasuwar garinsu a shafi guda, ya kuma iya neman kalma a ƙamus. A ƙarshen aji uku kuwa ya dace ya iya rubuta wasiƙar hukuma, ya cike fom da kansa, ya tsaya gaban aji ya kare ra'ayinsa a muhawara, ya kuma karanta ƙaramin littafin labari daga farko har ƙarshe.

Malami shi ma yana da abin da yake jira daga wajen ɗalibi: zuwa a kan lokaci, littafin rubutu na Turanci daban da na sauran darussa, biro, da yin aikin gida. Fashi shi ne babban abokin gaban wannan darasi. Yaron da ake tsare shi a gida duk ranar kasuwa, ko yarinyar da ake ɗora wa talla da safe, kullum za su tarar an wuce su, domin darasin yau a kan na jiya ake gina shi. Ban da haka, makin gwaje-gwajen da ake yi a cikin zango yana shiga sakamakon ƙarshe, wanda ya yi fashi ranar gwaji kuwa ya rasa wannan maki.

YADDA UBA ZAI AUNA ƊANSA

Uba ko uwa ba sai sun iya Turanci za su gane gaskiyar lamari ba. Hanya ta farko ita ce a ɗauko abin da ke gida mai rubutun Turanci, kamar buhun takin zamani, ko kwalbar maganin feshi, ko kwalin maganin da aka karɓo daga asibiti, a ce wa yaro, "Karanta wannan, ka gaya mini da Hausa me aka ce." Ɗan aji biyu ya kamata ya iya nuna ranar da magani zai lalace, da lambar hukumar NAFDAC, da yawan abin da aka ce a sha, da gargaɗin a ɓoye shi inda yara ba za su kai ba. Idan ya karanta da ƙarfi amma ya kasa fassarawa, to akwai sauran aiki. Wannan gwaji ba wasa ba ne, domin kuskuren awon maganin feshi yana ƙona shuka, yana kuma cutar da mai feshin.

Hanya ta biyu ita ce duba littafin rubutu. Ko wanda bai yi boko ba yana gane jan biro. Idan aka buɗe shafi goma ba a ga inda malami ya yi gyara ko ya sa hannu ba, to ko dai yaron ba ya kai aikinsa, ko kuwa ba a dubawa. Idan kuma duk abin da ke ciki kwafe ne daga allo, babu wasiƙa ko insha'in da yaron ya tsara da kansa, wannan ma abin tambaya ne.

Hanya ta uku ita ce zuwa makaranta, ko da sau ɗaya a zango. Uba ya sami malamin Turanci cikin mutunci ya ce, "Allah gafarta Malam, me ya kamata yaron nan ya iya a wannan zango, kuma ina ya gaza?" Malamin kirki zai ji daɗin wannan tambaya. Idan kuwa ta bayyana cewa makarantar ba ta da malamin Turanci ko kaɗan, ko aji ya cika har malami ba ya iya duba aikin kowa, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta kai kuka wurin hukumar ilimi, da sanin dagaci da hakimi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai gargaɗi guda biyu. Na ɗaya, kada uba ya yarda a karɓi kuɗinsa da sunan za a taimaki yaro a ɗakin jarrabawa. Takardar da aka samu ta wannan hanya ba za ta karanta wa mai ita wasiƙa ba, kuma asirinsa zai tonu a aji na gaba. Na biyu, kada a ɗauka koyon Turanci yana nufin yar da Hausa. Yaron da ya iya karatu da rubutu da harshensa ya riga ya san yadda haruffa ke haɗuwa su ba da ma'ana, wannan sani kuwa shi zai ɗauka ya shiga da shi Turanci.

A ƙarshe, ana roƙon iyaye su ba yaro ko da rabin sa'a kowane dare, da fitila, ya karanta wani abu ya ba mutanen gida labarinsa. Yarinya ma a ba ta wannan dama daidai da ɗan'uwanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda aka gano rauninsa a aji ɗaya yana da sauran shekara biyu na gyara.