Kyautar yara masu taimakon jama'a: darasi daga Gwammaja

Mun san wasu sun baro aiki a gona, saboda haka ba za mu tsawaita ba.

Kowace shekara, ranar ba da kyaututtuka a makaranta, yara uku muke kira daga kowane aji: na ɗaya, na biyu da na uku. A tafa musu, a ba su littafi da biro, a watse. Wannan ba laifi ba ne. Amma yarinyar da take ɗebo wa tsohuwa ruwa kafin ta tafi makaranta, da yaron da yake karanta wa maƙwabta takardar asibiti, da waɗanda suka yashe kwata kafin damina, ba mu taɓa kiran sunansu a gaban jama'a ba. Yanzu an kawo shawara a riƙa ba irin waɗannan yara kyauta, a kuma sa mata sunan wani malaminmu da ya rasu. Mun goyi baya. Sai dai kafin mu ɗaga hannu, bari mu leƙa cikin birnin Kano, mu ga yadda ake tunawa da wani malamin makaranta a can.

An haifi Malam Aminu Kano a 1920, a unguwar Sudawa, cikin ganuwa. Ya yi elementare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano. Yana ɗan Midil ne ya ja 'yan'uwansa ɗalibai suka yi bore saboda ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. Ku riƙe wannan. Da a ce a shekarar an ba da kyautar ladabi, da wuya ya samu.

A 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi, ya kuma zama jagoransa. Sukan zauna da malamai da ma'aikatan En'e a tattauna damuwar talakawa a fili, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1950 ya ajiye alli ya shiga jam'iyyar NEPU, inda ya yi ta fama a kan zaluncin haraji, da aikin tilas, da ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958. Daga baya Malam Aminu ya rubuta littafi a kan rayuwarsa, domin waɗanda ba su gan shi ba su san abin da ya tsaya a kai.

Shi kuma ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, ba nisa da Dutsen Dala. Filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi. To amma mutum zai iya kwana bakwai yana jinya a asibitin, ya fito bai san ko wane ne Malam ba. Gidan nasa kuwa, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, kuma kowace shekara akan taru a yi lacca don tunawa da shi. A ganinmu wannan ya fi allon suna amfani, domin a nan ne matasa suke jin labarin.

Saboda haka idan mun sa wa kyautarmu sunan malami, kada sunan ya tsaya a takardar shaida. Kowace shekara, kafin a kira yaro, wani da ya zauna a ajin marigayin ya tashi ya faɗi abu ɗaya da ya yi wa gari.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaɓe. Idan aka bar wa hedimasta da mu 'yan kwamiti, mun san halinmu: za mu zaɓi yaro mai shiru, mai durƙusawa da kyau, ko ɗan wanda ya ba da gudummawar kwanon rufi. Yaron da ya zo ya ce mana rijiyar makaranta ba ta da murfi, ya kuma maimaita har muka ji haushi, shi za mu tsallake, alhali ƙannensa yake karewa. A tambayi waɗanda aka yi wa aikin: tsofaffi, da gwauraye, da masu jinya, da maƙwabtanmu Musulmi, gama su ma yaranmu suna yi musu hidima. In kuwa aikin gayya ne, a kira dukan waɗanda suka yi shi, kada a ware mutum ɗaya.

Kyautar ba sai mai tsada ba. Fitila mai aiki da hasken rana ta isa, ko a rage wa iyaye kuɗin jarrabawa.

Wanda yake da sunan malamin da yake so a sa, ya kawo wa kwamiti kafin ranar kasuwa mai zuwa, tare da labarin abin da ya ga malamin ya yi da idonsa.