GARI BA YA ZAUNUWA SAI DA TSARI: DARASIN BARWA

Wannan jawabi ne domin cibiyoyin yaƙi da jahilci. Malami ya karanta shi a hankali, ɗalibai su bi da ido. In an gama, a tattauna.

 

Jawabin yau a kan garin Barwa yake. Barwa tana cikin ƙaramar hukumar Boso, jahar Diffa, can gabashin ƙasar Nijar. Tana kusa da tabkin Cadi da kogin Komadugu. Mutanenta manoma ne da masunta da makiyaya. Abin da ya same su darasi ne ga kowane gari, babba ko ƙarami.

YADDA AKA TASHI, YADDA AKA KOMA

Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. Hankalin jama'ar kwarin Komadugu ya tashi. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi a tabki, aka hana cinikin tattasai. Alhali tattasai shi ne arzikin wannan kwari, har ana ce masa jan zinariya. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai. Kamun kifi kuwa sai a 2019.

Cikin shekarar 2015 ɗin nan mutanen Barwa suka bar garinsu. Kamar sauran mutanen bakin kogi, wasu suka nufi birnin Diffa, wasu suka kafa bukkoki a matsugunan ƴan gudun hijira. Suka yi kusan shekara shida a can.

Ran 20 ga Yuni 2021 manyan motoci suka maido mutane kusan 6000 Barwa. Gwamnan jaha na lokacin, Issa Lemine, shi ya tarbe su. A farkon watan Yuli shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya ziyarci garin. Barwa ce ta buɗe hanya, wasu garuruwa suka biyo baya.

An yi murna ƙwarai. Amma Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗakin ƙasa da ya yi shekaru babu yaɓe, kowa ya san halinsa. Rijiyar da ba a ja takan cike. Gonar da ba a nomawa takan zama daji, iyakarta ta ɓace. Bayan haka kuma, cikin watan Agusta 2021, ƴan ta'adda suka kai hari sansanin soja na Barwa, soja 16 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Ashe komawa gida abu ɗaya ne, zama a gida wani abu ne dabam. Zama yana son abu biyu: tsaro da tsari. Tsaro aikin gwamnati ne da sojanta, tare da taimakon talakawa. Tsari kuwa aikin ƙaramar hukuma ne da mutanen gari.

MECE CE ƘARAMAR HUKUMA?

Ƙaramar hukuma ita ce wadda ake kira komin. Ofishinta shi ne meri, wato ma'aikatar magajin gari. Ita ce hukumar da ta fi kusa da talaka. Jahar Diffa tana da komin 12. A bakin Komadugu akwai Maine-Sorowa da Shetimari da Diffa da Geskeru da Boso.

A watan Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasa. An sake yi a 2011, an kuma yi a Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun da aka zaɓa, ta naɗa kantomomi su riƙe komin. Shugaba yakan canza, amma aikin meri yana nan.

Wane aiki ke nan? Meri ke ba da takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa. Ita ke yanka filayen gini. Ita ke kula da kasuwa da tasha da tsabtar gari. A 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa wa komin ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli.

Kowace komin tana rubuta tsarin ayyukanta na ƴan shekaru masu zuwa. Kafin a rubuta, akan zaga garuruwa a tambayi jama'a abin da ya fi damunsu. Garin da bai je taro ba, buƙatarsa ba za ta shiga takarda ba. Abin da bai shiga takarda ba kuwa, da wuya a yi masa kuɗi.

Abu huɗu ne gari zai tsara in yana so ya zaunu: wurin gini, hanyar ruwa, gona da burtali, sai kuɗi.

NA FARKO: WURIN GINI

A dubi birnin Diffa. Da rikici ya ɓarke, mutane suka yi ta kwararowa daga bakin kogi da tsibiran tabki, har da ƴan'uwa daga Najeriya. Waɗanda suka bar gidajensu a jahar sun wuce 200,000. Kowa ya kafa bukka inda ya samu: a gonar wani, a bakin hanya, a cikin kwari. Inda aka zauna haka babu layi, motar likita ba ta iya shiga. In gobara ta tashi, bukka ta kama bukka. In mai gona ya zo, sai a tashi mutum.

Saboda haka wasu komin na jahar suka haɗa kai da hukumar HCR, mai kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tarayyar Turai ta ba da kuɗi. Daga 2017 aka shiga yankan filaye a komin bakwai, har da Diffa da Shetimari da Maine-Sorowa da Gigimi. An yi niyyar gina gidaje 4000 domin marasa ƙarfi.

Ga yadda aka yi. Meri ta zauna da masu gonakin da za a yanka, aka yi yarjejeniya. Masu awo suka zo suka fitar da tituna. Aka ware wurin lakwal da wurin likita da wurin kasuwa tun ba a kafa tubali ba. Sannan aka raba fegi kashi uku. Kashi ɗaya na masu ƙasa, a madadin gonakinsu. Kashi ɗaya na meri, ta sayar ta yi aikin gari da kuɗin. Kashi ɗaya na mabukata, baƙi da ƴan gari baki ɗaya. Aka jawo ruwan famfo, samari suka koyi bugun tubali da gini.

Me wannan ke koyarwa? Titi kafin gida ake fitar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Garin da ake sake ginawa, kamar Barwa, yana da wata dama da tsohon gari ba shi da ita. Tun da ginin sabo ne, ana iya barin hanya mai faɗi. Ana iya nesanta salga da rijiya. Ana iya ware filin makaranta da maƙabarta da wurin zuba shara. Ana iya dasa itace a bakin kowane layi. Kuma gidaje su haɗu wuri ɗaya, kada su warwatsu cikin gonaki. Famfo ɗaya yakan ishi unguwar da ta haɗu. Unguwar da ta warwatsu sai famfo uku, ga kuma gonakin da ta cinye.

NA BIYU: HANYAR RUWA

Komadugu kogi ne mai hali nasa. Ruwansa daga nesa yake fitowa, daga ƙasashen Kano da Bauci da tsaunukan Jos a Najeriya. Yana biyo kogin Haɗeja da kogin Jama'are kafin ya iso nan. Akwai manyan madatsai a can sama, kamar Tiga da Calawa. Saboda nisan tafiya, kogin yakan cika ne bayan damina ta ɗauke. Mutum na ganin sama garau, ga ruwa yana hawowa.

A watan Oktoba 2019 kogin ya yi ambaliya, ya raba mutane fiye da 20,000 da gidajensu a jahar Diffa. Ya cinye garake da gonakin shinkafa da na tattasai. A 2022 ya sake yin ɓarna. Cikin waɗanda ruwa ya kora har da waɗanda yaƙi ya riga ya kora.

Inda ruwa ya taɓa kwanciya, zai sake kwanciya. Tsofaffin gari sun san wuraren. Aikin meri ne ta tambaye su, ta sa alama, ta hana yanka fegi a can. Kwari na garka ne, tudu na gida. Fegin kwari yakan yi araha, amma araha ba ta ado. Wanda ya saye shi zai yi gini sau biyu.

Inda aka yi jinga domin tare ruwa, jingar ta kowa ce. Kada a ɗebi ƙasarta a yi tubali. Kada a huda ta domin shigar da tiyon injin ban-ruwa. A duba ta tun kafin kogi ya kawo. Rigakafi ya fi magani.

NA UKU: GONA DA BURTALI

Ga wani misali. Mutum zai gudu, ya ba maƙwabcinsa aron gona, babu shaida sai su biyu. Bayan shekara shida mai gona ya rasu a gudun hijira. Ɗansa ya komo ya ce gonar ubansa ce. Maƙwabci ya ce saye ya yi. Wa zai raba su?

Domin irin wannan ne aka kafa dokar ƙasar noma da kiwo ta 2 ga Maris 1993. Dokar ta kawo kwamitin kula da ƙasa, wanda ake kira kofo. Akwai kofo na gunduma, akwai na komin, akwai na gari. Maigari ke shugabancin kofo na gari. A ciki akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. A wurinsa ake samun takardar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Magana takan tafi da mai ita. Takarda tana nan.

Kofo kuma shi ke sa alama a burtali da mashayar dabbobi da makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Da rani Fulani da Larabawa da Tubawa sukan gangaro kogi da tabki da bisashensu. In garka ta toshe hanyar mashaya, shanu za su bi ta cikin tattasai, faɗa ya tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garin da manomi da makiyayi ke gaba da juna, mugu ba ya shan wahalar shigarsa.

NA HUƊU: KUƊI

Meri ba ta da rumbun kanta. Rumbunta shi ne lanho da kuɗin kasuwa da na tasha, sai abin da gwamnati da masu taimako suka ƙara. Shekarun da kasuwanni suka rufe, tattasai da kifi suka tsaya, aljihun komin ma ya bushe.

A yi lissafi. A ce gari yana da masu biya 500, kowa ya ba da jika ɗaya. An sami jika 500. In rabinsu suka ƙi, an sami jika 250 kawai. Famfon da ya lalace zai jira baɗi.

Amma biya yana tafe da tambaya. Duk wanda ya biya ya karɓi takardar shaida, ya duba lamba da hatimi da yawan kuɗin. Kuɗin da aka karɓa babu takarda ba su isa meri. Talaka yana da haƙƙin ya san nawa aka tara, me aka yi da su. Wannan ba rashin kunya ba ne. Masu taimako na waje suna zuwa, suna tafiya. Famfon da suka bari, kwamitin gari ne zai riƙe shi da ɗan kuɗin da ake biya a bakin famfo.

INA AMFANIN KARATU A NAN?

A lura da kyau. Fegi yana da takarda. Gona tana da takarda. Lanho yana da takarda. Tsarin ayyukan komin takarda ne. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan gamu da cikas ranar jarrabawa. Mutane da yawa sun bar takardunsu a baya ranar gudu, dole su koma meri a sake yi masu.

Wanda bai iya karatu ba yakan danna yatsa a kan abin da bai sani ba. Wanda ya iya, shi ke riƙe littafin kwamitin famfo. Shi ke rubuta wa kofo. Shi ke karanta sanarwar da aka liƙa a ƙofar meri, ya gaya wa ƴan'uwa. Mata kada su tsaya baya. Su ke ɗiban ruwa, su suka san inda ya kamata a sa famfo. Su je taro, su yi magana, su shiga kwamiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Soja na tsaron daji, meri na fitar da tsari, mutanen gari na riƙe abin da aka yi. In ɗaya ya saki, jinka ta faɗi.

Allah ya zaunar da Barwa da Boso da Diffa da duk kwarin Komadugu lafiya. Allah ya ba da damina mai albarka. Amin.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. A wannan gari, ina ne ruwa ke kwanciya? Akwai gidaje a wurin?

2. Akwai kofo a wannan gari? Su wa ke ciki?

3. Gona nawa ce aka ba da aro ko jingina babu takarda?

4. Wa ke riƙe littafin kuɗin famfo? Yaushe aka karanta shi a gaban jama'a?

5. Yara nawa ne a wannan gari ba su da takardar haihuwa? A rubuta sunayensu, a kai wa maigari.